Filin Likitan Dabbobi: Kaska a Bango, Ƙuma a Tsakar Gida

Jama'a, assalamu alaikum. Tunda ruwa ya sauka, yawancin saƙonnin da suka shigo wannan fili a kan karnuka ne, kuma kukan kusan ɗaya ne: kaska da ƙuma. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Likita, Allah ya ƙara basira. Ina da karen gadi, yana kwana a wani ɗan ɗakin bulo a bayan gida. Duk Asabar yarona yakan cire masa kaska, mun kuma yi masa wanka da maganin da muka saya a kasuwa. Kwana kaɗan sai su dawo kamar ba a yi komai ba. Yanzu har a bangon ɗakin yara muna ganinsu suna hawa. Daga ina suke fitowa, alhali karen ko ƙofar gida ba ya leƙawa? Daga wani magidanci a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Amin, Malam, na gode. Daga cikin gidanka suke fitowa, kuma hawa bangon da ka ambata shi ya gaya mini wace iri ce. Kaskar da muka saba gani a jikin shanu a daji take jira, a kan ciyawa. Wannan kuwa, 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa da ja-ja wadda masana ke kira Rhipicephalus sanguineus, tana iya yin rayuwarta kaf a cikin gini, daga ƙwai har mutuwa, ba tare da ta taɓa ganin ciyawa ba. Mai yiwuwa tun ranar da aka kawo karen yana ɗan kwikwiyo ya zo da biyu ko uku a kunne.

Macen takan kafa baki a fatar kare ta yi mako guda ko fiye tana shan jini, har ta kumbura ta koma toka-toka, girman ƙwayar wake. Sai ta saki da kanta ta faɗo, ta nemi bango ta hau sama, ta shige tsaga, ta zuba ƙwai da kan kai 4,000, sannan ta mutu. Bayan mako 2 zuwa 5 ƙwan ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido ke kama su, ƙafa shida gare su. Su hau kare su sha na 'yan kwanaki, su sauka su ɓuya su yi saɓa, su fito da ƙafa takwas. Su sake hawa, su sake sauka, su sake saɓa, sannan su hau karo na uku suna manya. A zafi irin namu zagayen nan na iya cika cikin wata biyu. Babbar da ba ta sami jini ba kuma takan yi watanni da yawa a tsaga tana jira, shi ya sa kai karen wani gida na mako biyu ba ya kashe su da yunwa. Idan ma suka rasa shi, sai su juyo kan mutanen gida.

Ka ga ke nan abin da yaronka ke cirewa ranar Asabar waɗanda suka hau a makon ne kawai. Mafi yawansu suna cikin bango.

Ka ɗauki tocila ka shiga ɗakin karen. Kada ka tsaya duba ƙasa, ɗaga kai za ka yi. Duba inda bulo ya haɗu da kwano, da ramukan bulon da ba a yi wa filasta ba, da bayan katakon ƙofa. Za ka tarar da matattun mata sun bushe sun yamutse, a gaban kowace akwai tarin ƙwai a dunƙule, ruwan ƙasa, yana ɗan ƙyalli idan haske ya dake shi. Na sha nuna wa masu gida wannan, kuma daga ranar suke daina ɗora laifin a kan maganin wanka.

Saboda haka aikin biyu ne, jikin kare da ginin, kuma rana ɗaya za a fara su. A ƙone tsofaffin buhuna da kwalayen da yake kwanciya a kai. A share ɗakin, a fesa maganin ƙwari na dangin cypermethrin ko deltamethrin bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, daga daɓe har rufi, a cusa bakin famfon feshin cikin kowace tsaga, a haɗa da bayan bangon. Kafin feshi a fitar da kare da kaji da kyanwa, a rufe randa da rijiya, kada kowa ya koma sai wurin ya bushe. Bayan mako biyu a maimaita, a sake maimaitawa har sau uku ko huɗu, domin feshi ba ya cika isa ga ƙwan da ke can ciki, sai an jira 'ya'yan sun fito. Daga nan a toshe tsagogin da siminti a shafa farar ƙasa. Wannan toshewar ta fi feshin daɗewa tana amfani. A ɗakin yara kuwa a janye gadaje daga bango, a duba bayan labule da ƙofa, a yi feshin da safe a bar tagogi a buɗe har yamma. Da daddare uwarsu ta riƙa duba musu bayan kunne da ƙeya da cikin gashi. Idan yaro ya yi zazzaɓi da ƙuraje bayan cizon kaska, a faɗa wa likitan asibiti cewa kaska ta cije shi, don ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba.

A jikin karen, abin da na fi gamsuwa da shi a irin halin gidanka shi ne ƙwayoyin da ake ba shi ya tauna: NexGard ko Simparica duk wata, ko Bravecto da ke kaiwa kimanin mako 12. Maganin yana zama a jininsa, duk kaskar da ta kafa baki sai ta mutu kafin ta kai ga zuba ƙwai. Suna da tsada, ban ɓoye maka ba, kuma da nauyin kare ake saye, don haka a ɗora shi a sikeli tukuna, a kuma saya a shagon magungunan dabbobi da aka sani, a duba ranar lalacewa. Mai sauƙin kuɗi shi ne fipronil na ɗigawa, irin su Frontline: a buɗa gashi a doron wuya inda harshensa ba ya kaiwa, a matse ruwan a kan fata ba a kan gashi ba, kuma kada a yi masa wanka kwana biyu kafin da kwana biyu bayan. Wankan amitraz ma yana kashe kaska sosai, kuma shi ne mafi arha, amma ma'aunin kare ba na shanu ba ne, sai likita ya auna maka da sirinji. Ba a yi wa ɗan kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba, ba a yi wa kyanwa, kuma kada ragowar ruwan ya kusanci doki, yana tsayar masa da hanji. Duk wanda ka zaɓa, ka jure a kai aƙalla wata uku ba fashi.

Ina da tambaya ga yaronka: idan ya cire kaskar, ina yake kai ta? Yawancin yara a tsakar gida suke yar da ita, ita kuwa ƙosasshiyar mace sai ta ja jiki ta nufi bango ta yi abin da dama za ta yi. Wasu kuma su fasa ta tsakanin farce biyu, wannan ma a daina, jinin cikinta na iya ɗauke da cuta. A ajiye 'yar kwalba da kananzir a ciki, duk wadda aka cire a jefa a rufe. Cirewar kuma da hantsaki ake yi: a kama ta dab da fata, a ja a hankali a miƙe, ba murɗawa, ba fizga. Kada a ɗiga mata kananzir ko a ɗora mata ashana tana jikinsa, hakan na iya sa ta amayar da abin cikinta a cikin ramin cizon. Idan ɗan bakin ya rage a fata, a shafa aidin a bar shi, zai yi ɗan kumburi ya fita da kansa. Wuraren da za a bi su ne cikin kunne, tsakanin yatsun dagi, ƙarƙashin sarƙar wuya, hammata, matsematsi da gindin wutsiya.

Tambaya: Likita, karyarmu ta haihu, 'ya'yan suna mako uku. Susa take yi dare da rana har gashin gindin wutsiyarta ya zube, na duba kuma ban ga kaska ba. Yarana ma ƙuraje sun feso musu a idon sawu. Jiya kuma na ga wani abu fari a kashinta yana motsi. Muna da kyanwa da kaji. Daga wata uwargida a Samaru, Zariya.

Amsa: Hajiya, alamu ukun nan duk na ƙuma ne. Ba ki gan ta ba don ba ta zama wuri ɗaya kamar kaska, siririya ce, baƙa-baƙa, kina buɗa gashi ta ruga ko ta yi tsalle. Amma tana barin kashinta. Ki shimfiɗa farar takarda ki ɗan yayyafa mata ruwa, ki tsayar da karyar a kai, ki taje bayanta da mataji mai ƙananan haƙora, daga ƙugu zuwa wutsiya. Wasu baƙaƙen ɗigo za su zubo. Ki ɗan jira. Idan ƙasa ce haka za su zauna baƙi, idan kuwa kashin ƙuma ne za ki ga kowane ɗigo yana narkewa, jan zobe yana yaɗuwa a gefensa, domin busasshen jini ne. In takardar ba ta yi ja ba, kuma kika ga gefen kunne da gwiwar hannu sun yi ɓawo sun yi kauri, to ƙazuwa ce, maganinta daban. Ƙwarƙwata kuma tafiyarta a hankali ce, ƙwanta a manne yake da gashi.

Farin abin da kika gani gaɓoɓin tsila ne. Kare yakan kama ta ne idan ya haɗiye ƙuma garin cizon jikinsa, yaro mai rarrafe ma kan iya kamawa ta wannan hanya. Maganinta praziquantel, amma muddin ƙumar na nan za ta dawo.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki 'yan kwikwiyon ne. Jininsu kaɗan ne, ƙuma idan ta yi yawa tana iya shanye su har su mutu. Yau ɗin nan ki ɗaga leɓen kowanne ki duba dasashi. Ya kamata ya zama ja-ja mai haske. Idan ya yi fari, ki kai shi asibitin dabbobi, kada ki kwana. Ƙwayoyin taunawa da maganin ɗigawa sai sun kai mako 8. Kafin nan a riƙa taje su kullum ana tsoma matajin a ruwan sabulu, ko likita ya fesa musu fipronil na feshi, wanda aka yarda a yi wa ƙanana, da awo. Uwar ma likita ya zaɓa mata wanda ya dace da mai shayarwa.

Mace ɗaya takan zuba ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi duk inda karyar ta kwanta. A ƙididdigar masana, manyan da ke jikin dabba ba su wuce 5 cikin 100 ba, sauran ƙwai ne da tsutsa da waɗanda suka naɗe kansu a cikin saƙa suna jira a ƙasa. Na cikin saƙar nan feshi ba ya ratsa su, suna iya yin watanni, sai sun ji motsi da ɗumin jiki su fito, su ne ke kama yaranki a ƙafa. Tsutsar ba ta jure rana da bushewa, shi ya sa abin ke lafawa da hunturu ya tashi da damina. Wurinta inuwa mai danshi: ƙarƙashin rumbu, bayan randa, gindin bishiya, ramin da karyar ta tona don ta haihu. A share waɗannan wurare kullum a ƙone sharar, a wanke tsummokaran da ruwan zafi a shanya a rana, a canza wa mai jegon wuri zuwa daɓen siminti.

Kyanwar dole a yi mata magani tare da karyar, in ba haka ba ita za ta ci gaba da riƙe ƙumar. Sai dai ki kula ƙwarai: duk maganin kare da aka rubuta permethrin a jikinsa guba ne ga kyanwa, ko gogar karen da aka shafa wa ta yi yana iya jefa ta cikin farfaɗiya. Ki duba kajin ma. Akwai wata ƙumar kaji da ke kafewa a tukku da kewayen ido ba ta motsi, takan kuma jeru a gefen kunnen kare har a ɗauka ƙananan kaska ne. In kin gan ta, akurkin ma ya shiga cikin sharar.

Tambaya: Likita, an ce mini fiya-fiya na kashe kaska nan take. Na zuba kaɗan a ruwa na wanke ɗan karena, kafin la'asar yana ta dalalar miyau da karkarwa, na ɗura masa manja da madara, da daddare ya mutu. Me ya kamata in yi? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, sannu. Na san da nufin taimakonsa ka yi, kuma ba kai kaɗai aka ba wannan shawarar ba. Fiya-fiya da Sniper guba iri ɗaya ce a cikinsu, dichlorvos, ta kashe ƙwarin gona da na rumbu ce, kuma tana ratsa fata ta shiga jini, ta kare da ta mai wankan. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna na gama-gari, amma har yau ana wanke dabbobi da shi. Manja da madara ba sa karya ta, ɗurar ma kan sa su faɗa huhu. Abin yi a irin wannan hali: a sa leda a hannu, a wanke dabbar da sabulu da ruwa mai yawa don a rage abin da ke kan fata, a ruga da ita asibitin dabbobi tare da kwalbar. Akwai allurar atropine da ke ceto idan an kai da wuri. Baƙin mai, kananzir, fetur da Gamalin su ma kada su taɓa jikin kare. Baƙin mai yana ƙone fata, kare ya lashe shi ya lalata masa ciki.

Tambaya: Ni dai ba na son taɓa kare saboda tsarki. Yaya zan duba shi? Daga wani manomi a Ɗambatta.

Amsa: Malam, hukunci fagen malamai ne, su za ka tambaya. Abin da kowa ya sani shi ne hadisi ya yarda da riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne. In ka ɗaure dabba a gidanka, cinta da shanta da lafiyarta sun hau kanka, tunda ba ta da ikon zuwa nema. Ka sayi safar hannu ta roba, ka ware riga ɗaya don wannan aiki, ka wanke hannu da sabulu in ka gama. Ni ma da safar nake aiki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, babban karena, wanda shi ke gaba in mun fita, mako biyu da dawowarmu daga daji ya daina cin abinci. Jikinsa zafi, ba ya iya tashi, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi. Abokan farauta sun ce in yi masa allurar shanu, Berenil. In yi? Daga wani mafarauci a ƙasar Ningi.

Amsa: Baba, kada ka yi da hannunka, kuma kada ka jira kasuwa ta ci, yau za ka kai shi. Abin da ka kwatanta ya yi kama da zazzaɓin kaska, wanda ƙwayar cutar Babesia ke kawowa. Tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, jan da kake gani a fitsari jininsa ne da ya fashe. Ka ɗaga leɓensa, ka ja fatar idonsa ƙasa: za ka ga fari fat, ko rawaya irin ta shawara. Alamun sukan bayyana mako 1 zuwa 3 bayan cizon, daidai da lokacin da ka faɗa. Nau'in da kaskar daji mai ruwan ɗorawa ke ɗaukowa, Babesia rossi, shi ne mafi tsanani, yana iya kashe ƙaton kare cikin 'yan kwanaki.

Abokanka ba su yi ƙarya ba, maganin da ke cikin Berenil, wato diminazene, ana amfani da shi a kan wannan cuta. Amma a jikin kare tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa ƙanƙanuwa ce. Miligiram 3.5 ne a kowane kilo ɗaya na nauyinsa, sau ɗaya, ba a maimaitawa kusa-kusa. Wanda ya saba jiƙa fakiti don sa mai kilo 300 ya auna da ido, sai ya zarce, bayan kwana ɗaya ko biyu karen ya fara tangaɗi, wuya ya sandare, maganin ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma daga nan da wuya ya tashi. Ga shi kuma akwai wata cutar kaskar, Ehrlichia, mai kawo zazzaɓi da rama da haɓo, wadda wannan allura ba ta yi mata komai, ita sai doxycycline na kwana 28 cur. Sau da yawa ma su biyun suke haɗuwa a kare ɗaya. Likita zai tsaga ɗan bakin kunnensa ya ɗauki ɗigon jini a gilashi ya duba a madubin gwaji, ya auna nauyinsa, ya ga ko yana buƙatar ƙarin ruwa ko ƙarin jini. Ka fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Kafin ku isa, a ba shi ruwa, a ɗauke shi a abin hawa kada a sa shi tafiya, kuma kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac suna huda wa kare ciki su taɓa ƙoda.

Sauran karnukan ka duba dasashinsu duka, tunda daji ɗaya suka shiga. Nan gaba, Babesia takan buƙaci kaska ta yi kwana ɗaya zuwa biyu a manne kafin ta shiga jini, don haka duk ranar da kuka dawo, kafin a raba nama, a bi kowane kare da hannu daga kunne zuwa wutsiya a cire abin da ya kwaso. Kwana biyu ko uku kafin fita a ba su ƙwayar taunawa ko a ɗiga musu magani, ko a sa musu abin wuya irin Seresto da ke aiki har wata 8, sai dai a daji mai sarƙaƙiya ƙaya kan fizge shi. Allurar ivermectin da mafarauta suka dogara da ita tana maganin ƙazuwa da wasu tsutsotsin ciki, amma ba ta kashe ƙuma, kariyarta daga kaska kuma ba ta daɗewa. Tunda za ka je asibitin, ka tafi da sauran a yi musu rigakafin ciwon haukan kare, shi wannan duk shekara ake sabunta shi.